Terminator 2 a Blu-ray ko a 4K: wanne ya cancanci a sake saye?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ka kalli Terminator 2 tun kana yaro a kaset ɗin bidiyo, daga baya ka mallake shi a DVD, yanzu kuma da ka sayi sabon talabijin mai 4K kana son sanin wanne ya fi cancanta ka kashe wa kuɗi, faifan Blu-ray ko faifan 4K. Da wani fim ɗin ka ambata, da na ce ka ɗauki 4K ba tare da dogon nazari ba. Amma wannan yana cikin fina-finan da sabon bugunsu bai fi tsohon ba, kuma ni a ganina faifan Blu-ray na shekarar 2015 shi ne ya fi kusa da fim ɗin da James Cameron ya fitar a 1991, wanda kake nema.

Yana da kyau mu fara da abin da ke hannunka, domin shi ne ma'aunin da za ka gane ko sabon sayen ya biya. Kaset ɗin bidiyo da muka taso da shi, a zamanin da kowane yaro ya fi sanin Arnold Schwarzenegger da sunan Kwamando, layin hotonsa bai wuce kimanin 240 ba, kuma faifan CD na bidiyo da ya biyo bayansa bai fi shi da wani abin kirki ba, tunda ɗigon hotonsa 352 ne a kwance da 288 a tsaye, ga shi dole a raba fim ɗin a faifai biyu. DVD na tsarin PAL, wanda shi ne tsarin talabijin na Najeriya, yana ba da 720 a kwance da 576 a tsaye. Blu-ray yana ba da 1920 da 1080, shi kuwa faifan 4K yana ba da 3840 da 2160, wato ninki huɗu na Blu-ray. Babban tsallen da ido yake gani nan take shi ne daga DVD zuwa Blu-ray. Daga Blu-ray zuwa 4K kuwa, idan talabijin ɗin bai wuce inci 55 ba kuma kana zaune nesa da shi da kamar mita uku, bambancin yawan ɗigo kaɗai ba ya fitowa sosai. Akwai kuma wani amfani da ba a cika ambata ba. Ana ɗaukar fim ɗin silima da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma DVD na PAL yana gudanar da shi da 25, saboda haka fim ɗin yana ƙara sauri da kashi 4 cikin 100, muryoyi kuma sukan ɗan ƙara siranta. Blu-ray da 4K duka suna mayar da shi ga saurinsa na asali, don haka ta wannan fuskar ba wanda ya fi wani.

Inda suka rabu shi ne yadda aka shirya hoton kafin a zuba shi a faifai. An ɗauki Terminator 2 ne a kan zaren fim na milimita 35, a tsarin da ake kira Super 35, kuma Adam Greenberg ne ya jagoranci ɗaukar hoton. Irin wannan zaren yana da wasu ƙananan ɗigo-ɗigo da ke rawa a saman hoto, musamman a wuraren duhu. Wanda bai saba ba yakan ɗauka datti ne ko lalacewa, alhali kuwa da su aka gina hoton kansa, kuma a cikinsu ne ƙananan abubuwa suke, irin su ramukan fatar fuska, saƙar yadi, da gautsin fatar rigar da Arnold yake sanye da ita. Idan aka sa kwamfuta ta goge su da ƙarfi, sai ta tafi da waɗannan abubuwan gaba ɗaya.

Abin da ya faru da bugun 4K ke nan. A shekarar 2017 an mayar da fim ɗin gidajen silima a tsarin 3D, kuma domin wannan aikin aka sake kwafo hoton daga zaren asali a matakin 4K. Ɗigo-ɗigon zaren fim suna kawo cikas ga aikin raba hoto gida biyu domin ido biyu, don haka aka share su kusan ƙarƙaf, wanda a wurin 3D yana da hujja. Matsalar ita ce wannan shararren hoton aka ɗauka aka zuba a faifan 4K da ya fito a ƙarshen shekarar, ba a koma an shirya wani dabam ba. Sakamakon shi ne idan kyamara ta matso kusa da fuskar Arnold ko ta Linda Hamilton, wadda ta fito a matsayin Sarah Connor, fatar takan yi sumul kamar ta 'yar tsanar roba, gumi da tabo da gajiya su dushe. A fim ɗin da ginshiƙinsa shi ne bambanci tsakanin mutum da mutum-mutumi, wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin Sarah Connor da ta sha wahala a asibitin masu taɓin hankali ya kamata a ga wahalar a fuskarta, ba ta yi santsi irin na T-1000, mugun mutum-mutumin ruwan ƙarfe da ke farautar ɗanta John, ba. An kuma sauya launi, inda shuɗin dare mai sanyi da aka san fim ɗin da shi ya karkata zuwa shuɗi mai ratsin kore.

Adalci ne a faɗi abin da bugun 4K ya fi da shi, domin yana da shi. Tunda sabon kwafi ne daga zaren asali, hotunan da aka ɗauka daga nesa da rana, irin na tseren babbar mota da babur a cikin magudanar ruwa, sun fi tsabta da tsayuwa, rubutun kan allunan titi da lambobin motoci sun fi karantuwa, kuma babu ƙura ko karce ko kaɗan. Yana ɗauke da HDR, wato faɗaɗa tazara tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu, ko da yake ban ga an ci moriyarsa a nan kamar yadda ake ci a wasu faifan ba. An kuma yi wasu gyare-gyare da kwamfuta: gilashin gaban babbar motar, wanda yake faɗowa lokacin da ta dira cikin magudanar sannan ya sake bayyana a hoto na gaba, an daidaita shi, kuma an ɗora fuskar Arnold a kan ta mutumin da ya tuƙa masa babur a wuraren haɗari. Wasu suna ganin wannan gyara ne mai kyau. Ni dai ban damu da su ba ko ta wane ɓangare, sai dai ya kamata ka sani cewa ba su cikin abin da ka gani kana yaro.

Shi kuwa Blu-ray ba bugu ɗaya ba ne, kuma a nan ne mai saye yake iya yin kuskure. Na farko ya fito a 2006, lokacin da tsarin yake sabo, kuma shekarunsa sun nuna. Na 2009, wanda aka yi wa laƙabi da Skynet Edition, ya shahara saboda ya tara sigogin fim ɗin uku, amma shi ma an goge masa hoto fiye da kima, ga shi da jinkirin buɗewa a na'ura. Na 2015 da kamfanin Lionsgate ya fitar a Amurka shi ne wanda nake nufi. Tsohon kwafi ne, ba shi da kaifin na 2017, kuma a babban talabijin za ka ga ya ɗan yi laushi a wasu wurare, amma an bar masa ɗigo-ɗigonsa, fuskoki suna kama da na mutane, launin kuma shi ne wanda ka sani. Sai na 2017, wanda ake haɗawa a kwali ɗaya da faifan 4K ko a sayar da shi dabam, kuma shi daga shararren hoton nan aka yi shi, saboda haka duk wani ƙorafi da ke kan 4K yana kansa. Idan ka ga an rubuta cewa an sabunta hoton a 4K a jikin kwalin Blu-ray, to wannan ne, ba na 2015 ba.

Batu na biyu, wanda a wurina bai gaza na hoto muhimmanci ba, shi ne wace siga ce ta fim ɗin kake so. Sigar silima ta 1991 minti 137 ce. A 1993 aka fitar da siga ta musamman wadda ta ɗara ta da kimanin minti 16, sannan akwai ta uku mai ɗan ƙari a kan wannan. Faifan 4K sigar silima kaɗai yake ɗauke da ita. Sauran biyun suna kan Blu-ray, kuma a na 2017 ba a sabunta wuraren da aka ƙara ba, don haka duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya shigo za ka ga hoton ya canza kama, sannan ya koma. A bugun 2015 babu wannan tangarɗar, tunda duk hoton daga zamani ɗaya yake.

Ƙarin ba na cika lokaci ba ne kawai. Akwai mafarkin da Sarah ta yi da Kyle Reese, mahaifin John, wanda shi ne kaɗai wurin da Michael Biehn mai taka rawarsa ya fito, akwai Miles Dyson, injiniyan da bincikensa zai haifar da injinan, a gida tare da iyalinsa, akwai kuma wuraren da jikin T-1000 ya fara rikicewa a masana'antar ƙarfe bayan ya daskare ya farfashe, ƙafarsa tana ɗaukar kamar duk abin da ya taka. Mafi girma shi ne na gareji, inda Sarah da John suka buɗe kan mutum-mutumin da Arnold ya fito a matsayinsa suka ciro ƙwaƙwalwarsa domin su ba shi damar koyon sababbin abubuwa, Sarah ta ɗaga guduma za ta farfasa ta, yaron ya hana ta. Wannan wurin yana sauya ma'anar rabin fim ɗin na biyu, domin a nan ne John ya fara nuna shi shugaba ne, kuma a sigar silima an maye gurbinsa da 'yar gajeriyar magana a cikin garejin. Yadda aka ɗauke shi ma abin sha'awa ne, domin babu madubi a wurin ko kaɗan. Taga ce aka buɗe, Arnold yana zaune a ɗaya ɓangaren, aka kuma sa Leslie Hamilton, 'yar'uwar Linda da suke tagwaye, tana kwaikwayon motsinta. Siga ta uku ita ce mai wani ƙarshe dabam, inda Sarah ta tsufa tana kallon John, wanda ya zama sanata, yana wasa da 'yarsa. A ganina ƙarshen silima ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma Cameron ya yi daidai da ya cire shi, amma ya cancanci kallo sau ɗaya. A wasu bugun sai an danna lambar 82997 kafin wannan sigar ta buɗe, wato 29 ga Agusta 1997, ranar da labarin ya ce duniya za ta ƙone.

Idan kana son sanin wadda ka kalla kana yaro, ka tuna ko ka taɓa ganin wurin gudumar nan. Na DVD ɗinka kuma ka duba tsawonsa a bayan kwali, kana lura da saurin PAL, domin wajen minti 131 sigar silima ce, wajen 147 kuma ta musamman ce. Kada kuma ka yi mamakin baƙaƙen layuka a sama da ƙasan allo a duka faifan biyu, domin faɗin hoton silima ke nan. Kaset ɗin da ya cika allon tsohon talabijin ya yi hakan ne ta hanyar rage gefe da gefe, yana buɗe sama da ƙasa.

Sauti ba zai raba maka gardama ba. Duka biyun suna ɗauke da sautin DTS mai kewaye ɗaki wanda ba a rage ingancinsa ba, ba a kuma yi wa bugun 4K sabon haɗi na Atmos, tsarin da yake ƙara sauti daga saman kai, ba, kuma idan da lasifikar jikin talabijin kake saurare, ba za ka ji wani bambanci tsakaninsu ba.

Saura batun na'ura, wanda yana iya ƙara maka kuɗi fiye da faifan kansa. Faifan 4K ba ya aiki a na'urar Blu-ray ta yau da kullum, sai wadda aka yi dominsa, ko PlayStation 5 mai wurin sa faifai, ko Xbox One S da One X da Series X. PlayStation 3 da 4 suna karanta Blu-ray, amma ba sa karanta 4K, har da PlayStation 4 Pro. A gefe guda, faifan 4K ba a kulle shi da yanki, alhali Blu-ray an raba shi yanki uku: Amurka tana A, Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna B. Wannan shi ne babban raunin shawarar da na ba ka, domin bugun 2015 na kasuwar Amurka ne, kuma na'urar da aka shigo da ita daga Birtaniya ko Dubai tana iya ƙin karɓarsa. Kafin ka aika a sayo maka, ka duba harafin da ke bayan na'urarka, ka kuma sa mai sayen ya turo maka hoton bayan kwalin domin ka ga harafin da shekarar. Idan na'urarka ta B ce kuma ba a buɗe ta ba, tsofaffin bugun Turai da suka riga 2017 su ne za ka nema, kana sane da cewa mai laƙabin Skynet an taɓa hotonsa. Faifan da ake sayarwa a bakin titi da tambarin Blu-ray a jiki, masu fim goma ko ashirin a ciki, DVD ne da aka matse, kuma wanda ke hannunka yanzu ya fi su kyau. Kada ka rabu da shi ma, musamman idan bugun 2000 ne mai laƙabin Ultimate Edition, domin tarin bayanan yadda aka yi fim ɗin da ke cikinsa ba duka aka kwaso zuwa faifan da suka biyo baya ba.