Hanyar Mugunta da Hanyar Kirki a Wasannin Kwamfuta

A wani shagon wasan gem da ke Mabera, a Sakkwato, na ga matasa biyu suna buga wasan Fallout 3, wanda ya fito a 2008, kowanne da hanyar da ya bi. Na farko ya tayar da bam ɗin da ke tsakiyar Megaton, wani gari a cikin wasan, aka biya shi lada, aka kuma ba shi ɗaki a benen Tenpenny. Ya yi shewa lokacin da hayaƙi ya turnuƙe sama, amma da ya koma wurin, sai ya tarar da kufai, babu kasuwa, babu mafi yawan mutanen da a da suke ba shi aiki, har jikinsa ya yi sanyi.

Na biyu ya kwance bam ɗin, ya samu gida a cikin garin, labarinsa kuma ya ci gaba da yaɗo.

A ganina, daɗin mugunta a irin waɗannan wasanni na ɗan lokaci ne, domin sau da yawa masu tsara su sun fi zuba ƙwazonsu a hanyar kirki. Ko a wasan Baldur's Gate 3, na 2023, ɗan wasan da ya kai wa 'yan gudun hijirar da ke cikin wasan hari yakan rasa abokan tafiyarsa, Wyll da Karlach, tare da dukkan labaransu.