Kafin ka sayi tikitin gidan lilo a Dubai, ari tef ɗin tela

Yawancinmu 'yan kasuwar Kuseri da Njamena fuska ɗaya muka san Dubai da ita: Deira, shagunan waya da yadi, ofishin kago, sai filin jirgi. Ranar da maman yara ta ce wannan karon ƙafarka ƙafarsu, ranar za ka gane ashe kai ma baƙo ne a garin. Yara sun riga sun gama kallon komai a YouTube, kowa da inda yake so, kai kuma aljihu ɗaya gare ka. Na kai nawa sau biyu, na farko na yi asara, na biyu na ci ribar kuɗina, shi ya sa nake rubuta wannan.

Asarar ba ta kowa ba ce, tawa ce. Na sayi tikiti biyar na wani babban wuri saboda sunansa kawai. Muna isa bakin lilon da ɗana ya kwana yana mafarki, sai ga sandar awo a tsaye. Ma'aikacin ya ce ya jingina, ya cire hula. Yaro ya ɗaga dunduniya a ɓoye, mutumin ya yi murmushi ya nuna masa ƙasa da yatsa. Abin da ya rage bai fi faɗin yatsu biyu ba. Ya juyo ido jawur ya ce, "Abba, ka yi masa magana mana." Wace magana? Nan ba kasuwa ba ce da za ka ce a yi maka ragi. Manyan lilo suna neman tsayin santimita 130 ko 140, kuma ba a ɗaga ƙafa ko ga ɗan sarki. Haka muka wuni, yara biyu cikin uku suna riƙe wa yayarsu jaka. Don haka aikin farko a gida ake yinsa: auna kowane yaro, rubuta a takarda, sannan ka buɗe shafin wurin ka ƙirga lilo nawa kowannensu zai iya hawa.

Abu na biyu shi ne wata. Babban hutun makaranta a wajenmu yana faɗawa daidai Yuli da Agusta, lokacin da Dubai ke tafasa. Mutumin Marwa ko Njamena zai ce wane zafi ne bai gani ba a watan Afrilu. Ni ma haka na ce. Namu busasshe ne, ka samu inuwar dogonyaro ka huta. Nasu yana wuce digiri 40 ga kuma danshin teku, riga ta jiƙe kafin ka tsallaka titi. Idan a wannan lokacin za ku je, zaɓinku ya ragu zuwa wuraren da ke cikin rufi da na'urar sanyaya ɗaki. Idan hutun Disamba ne, ko'ina naku ne, sai dai cunkoso da tsadar masauki.

A cikin rufaffun, biyu ne ke gogayya. IMG Worlds of Adventure yana cikin Dubai, an buɗe shi a 2016, an raba shi shiyya-shiyya: ta jaruman Marvel, ta Cartoon Network, da Lost Valley inda aka girke manyan dabbobin zamanin da masu motsi da gurnani. A nan ne lilon Velociraptor yake, wanda ke harba ka daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa biyu da rabi, ya fita da kai waje cikin rana ya dawo. Wuri ne na 'yan samari da 'yan mata masu tasowa. Akwai duhu da ƙara, ƙaramin yaro mai tsoro zai iya maƙale maka a wuya. Amfaninsa babba shi ne kusa: ka tashi daga Deira bayan karin kumallo, ka dawo ka kwana a ɗakinka ba tare da ka galabaita ba.

Warner Bros. World kuwa a tsibirin Yas yake, a Abu Dhabi, tun 2018, tafiyar sama da awa ɗaya a mota. In ka tambaye ni, ga mai iyali da yara mabambanta shekaru, nan ne kuɗi ya fi fita. Rufin an yi masa fenti da fitilu kamar sararin sama, har ka manta a cikin gini kake. Ɓangaren Cartoon Junction yana da lilon Tom da Jerry, waɗanda ko yaron da bai taɓa fita unguwa ba ya san su, ga Bedrock da jirgin ruwansa mai sauƙi, ga Gotham City ga manya masu neman abin da zai kaɗa musu hanji. Abin da na fi so shi ne yawancin lilon uwa da uba da yaro za su iya hawa tare. Maman yara, wadda ta rantse ita kallo kawai ta zo, sai da ta hau huɗu.

Kusa da shi akwai Ferrari World, mai jan rufin nan, wanda aka buɗe a 2010. Kowa lilon Formula Rossa yake zuwa nema: kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, shekaru da yawa babu lilon da ya kai shi gudu a duniya. Kafin ka zauna sai an ba ka tabarau mai roba irin na masu walda, don a wannan gudun ko ƙwayar yashi ta same ka a ido ka shiga uku. Hula, waya, makulli, carbi, duk a akwatin ajiya za ka bar su, kuma kada ka kuskura ka zo da babbar riga. Na hau sau ɗaya. Iska ta ja mini kumatu baya har na ji haƙorana a waje, salatin da na fara bai ƙarasa fita ba muka yi nisa. Na sauko ƙafa tana rawa, 'yata tana cewa, "Abba, mu sake?" Na ce ta je Allah ya kiyaye. Amma gaskiya ɗaya ce: in yaranka ƙanana ne, ko ba masu son mota ba, wannan tikitin na manya ne. Kuma a duba shafinsu kafin a biya, don manyan lilo kan shiga gyara na kwanaki ko watanni.

A tsibirin akwai SeaWorld da aka buɗe a 2023, shi ma a rufe, mai kifaye da dabbobin ruwa. Ga wanda iyakar ruwansa Logon da Shari, abin kallo ne. Ana sayar da tikitin haɗaka na wurare biyu ko uku, ya fi sauƙi, amma kada ka cusa biyu a rana ɗaya. Kowanne wuni ne cur.

Can Jebel Ali, a hanyar Abu Dhabi, akwai Dubai Parks and Resorts. Legoland an gina shi ne don 'yan shekara 2 zuwa 12. Da can na kai nawa a tafiyar farko da ban ga hawaye ba. Motiongate na gefensa ya fi dacewa da waɗanda suka ɗan girma, ɓangarensa na DreamWorks a rufe yake, saura kuwa sai ka taka a rana. Wuraren zuwa a lokacin sanyi ne, Nuwamba zuwa Maris. Wanda ya je shekarun baya zai iya ba ka labarin Bollywood Parks, to an rufe shi tun 2023, kada masu son fim ɗin Indiya na gidanka su sa rai.

Wuraren ruwa kamar Wild Wadi da Aquaventure da Yas Waterworld sai iyali sun zauna sun yi shawara tukuna, don shigar mutane a can ba irin tamu ba ce. Ana yarda da kayan ninƙaya masu rufe jiki, kuma wasu kan ware lokaci na mata zalla. Mu dai mun tsallake.

Yanzu kuɗi. Tikitin manyan wuraren nan kan fara daga wajen dirhami 300 ga mutum ɗaya, dirhami kuma yana yawo tsakanin sefa 150 da 170. Wato kai ɗaya jaka hamsin ko kusa, ku biyar kun haura jaka ɗari biyu kafin a sha ruwa. Ba a barin shiga da abinci, na ciki kuma ba arha, don haka a ci a ƙoshi kafin a fita. Ta intanet tikiti ya fi sauƙi a kan na bakin ƙofa. Akwai ƙarin tikitin tsallake layi. In ranar aiki za ku je, ba ka buƙatarsa. Tun 2022 hutun ƙarshen makonsu ya koma Asabar da Lahadi, don haka Litinin zuwa Alhamis ne naka. Wurin salla akwai a ciki, na maza da na mata, wannan ba abin damuwa ba ne.

In kuwa kuɗin kaya ya cinye jari, kuma tafiyar ta faɗo tsakanin Oktoba da Afrilu, akwai Global Village. Ana buɗewa da la'asar sakaliya, kuɗin shiga bai kai kashi ɗaya cikin goma na waɗancan ba, lilo kuma wanda ka hau shi za ka biya, wanda yaro bai kai ba babu asarar ko sisi. Rumfunan ƙasashe ne jere, zumar Yaman, turaren Larabawa, kayan Turkiyya da Indiya. A nan haɗarin ba daga yara yake ba. Na shiga da niyyar biyan lilo uku, na fito ina ɗauke wa maman yara ledoji shida, tana cewa ai sari ta yi.