Lensin makro na farko: mai 40mm ko mai 90mm?

Ƙanena da ke Jidda ya sayi kyamarar Nikon, yana son ɗaukar hoton zobban azurfa da carbin da yake sayar wa alhazai. Ya ce, "Yaya, wane lensi zan ɗauka?" Biyu na ajiye masa, dukansu na makro, wato lensin ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa: Nikon 40mm da Tamron 90mm.

Dukansu suna kai girman 1:1, wato ƙwayar carbi ta faɗa kan idon kyamara (sensa, farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara) daidai girmanta na zahiri. Inda suka rabu shi ne tazara. Mai 40mm sai ka matso kamar santimita 16 daga idon kyamara, bakin lensin kuwa ya kusa sumbatar zoben. Nan inuwarka za ta rufe hasken, fuskarka ma ta bayyana a jikin azurfar. Amma ba shi da nauyi, kuɗinsa ma da dama-dama, kuma kana iya ɗaukar hoton shago da shi.

Mai 90mm yana ba ka kusan santimita 30. Haske ya samu wurin shiga, bayan hoton ya narke lumui. Wanda zai je Ɗa'ifa lokacin furen wardi, a watan Maris ko Afrilu, da shi zai kama ƙudan zuma ba tare da ya kore ta ba, ko ta harbe shi a hanci. Illarsa tsada, sannan ɗan rawar hannu kaɗan sai hoto ya dushe, dole a nemi ƙafar kyamara.

Na ce masa ya tara riyal ya sayi mai 90mm, ko da na hannu ne.