Ganuwa ko fadama: wanne ya fi tare ambaliya?

Gwamnatoci na son gina ganuwa a gaɓar kogi, don aiki ne da ido ke gani, kuma tana kare gari nan take. Sai dai ruwan da aka matse ƙara gudu yake, ya afka wa garuruwan da ke gaba.

Holan ta bi wata hanya bayan ambaliyar 1995, wadda ta sa aka kwashe kusan mutum 250,000. Ta ja wasu ganuwowi baya, ta bar wa rassan kogin Rhine fadamunsu, kifi da tsuntsaye suka samu mazauni. Wahalar wannan hanya ita ce samun fili: sai an biya manoma diyya, wasu ma su tashi. A karkara na fi son fadama, amma cikin birni ganuwa ta zama dole.