Haƙoran roba ko na dashe: wanne ya dace da Baba?

'Yar'uwa, kin ce haƙoran mahaifinki sun cinye har sun kusa kai dasashi, nama ya gagare shi sai kunu da fate, ga kuma ciwon suga, kina tambaya ko haƙoran roba za a yi masa ko dashe. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri.

Da farko, kada ku yarda a cire haƙori don kawai ya cinye. In saiwarsa na da ƙarfi, likita na iya gina kansa ya sa masa murfi, kamar yadda ake sa haƙorin Makka. Saiwar ce ke riƙe ƙashin muƙamuƙi, da an cire ta ƙashin zai fara zaizayewa. A kuma gano abin da ya cinye su, ko cizon haƙora cikin barci ne, ko ƙwannafi, ko dirzar asuwaki da ƙarfi. In ba a magance shi ba, sabon aikin ma lalacewa zai yi.

Haƙoran da ba za su gyaru ba kuwa, dole a maye gurbinsu. Haƙoran roba sun fi araha nesa ba kusa ba, ba tiyata, cikin 'yan makonni an gama. Amma a kan dasashi suke zaune, ba abin da ya kafe su. Na sama kan manne da ganɗa ya zauna lafiya. Na ƙasa ne mai wahala, harshe na tura shi, ƙashi na raguwa a ƙarƙashinsa, har dattijo ya riƙa jin kunyar cin abinci cikin mutane. Wannan kunyar ta fi komai damuna, don ita ke sa tsoho ya daina ci ya rame. Ana cire su da dare a wanke, kuma in suka yi sako-sako sai an koma an gyara.

Dashe wani aiki ne daban. Ƙusar ƙarfen titaniyom ake kafawa cikin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙori. Ba sabon abu ba ne, tun 1965 Farfesa Brånemark ya fara yi wa mutum shi a Suwidin. Ba ya motsi, kuma taunarsa ta kusa kamo ta haƙorin asali. Sai dai ƙwaya ɗaya na iya fin kuɗin haƙoran roba na baki gaba ɗaya. Tsufa ba ya hana shi. Sugan da bai daidaita ba, shan taba da ƙarancin ƙashi su ne cikas. Shi ma in ba a goge shi kullum, dasashi kan kumbura ƙashi ya cinye a gefensa.

Akwai hanya ta uku da ba a cika gaya wa mutane ba: a dasa ƙusa 2 kacal a muƙamuƙin ƙasa, haƙoran roba su maƙale a kansu, a cire a wanke a mayar. A 2002 masana suka haɗu a Jami'ar McGill ta Kanada suka ce wannan ya kamata a fara ba wanda ba shi da haƙorin ƙasa ko ɗaya. In har na Baba na ƙasa duk sun tafi, kuma da hali, ita nake ba ku shawara: roba a sama, mai ƙusa a ƙasa.

Ku kai shi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a ɗauki hoton muƙamuƙin. Ku riƙe sakamakon gwajin sugansa da duk magungunan da yake sha, musamman na tsinka jini ko na ƙarfafa ƙashi, don likita zai so ya gan su kafin ya taɓa bakin.