Wata uku ina yi wa Duna tausa da man labanda: ga abin da na gani

Bana karenmu Duna ya cika shekara goma a gidanmu da ke Jos. Alseshan ne, baƙi ƙirin, tun yana ɗan kwikwiyo yake gadin ƙofarmu. Da hunturu ya kama sai na lura tashi ya zame masa aiki: ya dafa ƙafafun gaba, ya jawo na baya a hankali, wani lokacin har da ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya san sanyin Jos na Disamba ya san ba ya raga wa tsohon ƙashi, kuma dama wannan jinsin karen an san su da ciwon ƙugu in sun manyanta.

A Instagram na ci karo da wata mai sayar da tataccen man tsirrai. Ta aiko min ƙananan kwalabe biyu masu cin mililita goma-goma, ɗaya na labanda (lavender, wani tsiro mai ƙamshi) don tausa, ɗayan an rubuta Tea Tree a jikinsa, ta ce maganin kaska da ƙuma ne. Babu takardar bayani, babu gargaɗi ko na layi ɗaya. Da na tambaye ta yadda ake amfani da shi, sai ta ce in ɗiga uku a bayan kunnensa in murza.

Haka na yi a daren farko da man labandan. Nan take Duna ya hau atishawa, ya riƙa goga kansa a ƙasa, daga ƙarshe ya shige ƙarƙashin mota ya ƙi fitowa. Da gari ya waye fatar wurin ta yi ja. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin dabba ce da ba ta da bakin cewa abu ya dame ta.

Ranar na kai shi wurin likitan dabbobi, na tafi da kwalaben. Ya ɗaga ta Tea Tree ya ce, "Malam, wannan ka shafa masa?" Na ce a'a, Likita, ko buɗe ta ban yi ba. Ya ce Allah ya taimake ka. Ya bayyana min cewa man, wanda ake tatsa daga wani itace na Ostiraliya, in bai sirku ba yana ratsa fatar kare ya shiga jini, cikin 'yan sa'o'i sai ka ga dalalar miyau, karkarwa, tangaɗi, har kasa tsayuwa. Daga baya na karanta cewa a 2014 an wallafa wani nazari a Amurka a kan karnuka da kyanwoyi 443 da wannan man ya yi wa illa tsakanin 2002 da 2012. Ya ƙara ja min kunne a kan man wintergreen, mai sinadari ɗan'uwan asfirin, da na pennyroyal mai lalata hanta. Da ya ji muna da kyanwa a gida sai ya ce ita kam kada ma ta kusanci ko ɗaya, hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai.

Labanda bai hana ni ba, amma ya gindaya sharaɗi. Ɗigo ɗaya tak a cikin ƙaramin cokalin shayi biyu na man kwakwa. Kafin in shafa, in miƙa masa hannu daga nesa ya shinshina. In ya kau da kai, magana ta ƙare a ranar. Ban da fuska, ban da cikin kunne, ban da inda akwai rauni, ban da inda harshensa zai kai. Hancin kare ya ninka namu nesa ba kusa ba, abin da kake ji ƙamshi ne mai sanyi, shi hayaƙi ne ya turnuƙe shi.

Tausar kanta ita ce abin da nake so in yaba. Kullum bayan la'asar, lokacin da rana ta ɗumama simintin tsakar gida, sai in zauna kusa da shi minti goma. Daga wuya nake farawa da tafin hannu, in bi gefen ƙashin baya ba tare da na danna ƙashin ba, in gangaro cinya ina murzawa a hankali kamar mai kwaɓa fulawa. Makon farko jikinsa a sandare yake. Zuwa mako na uku shi da kansa yake miƙe ƙafa, ya saki dogon numfashi, ido ya lumshe. A wurin tausar ne ma na riƙa gano kaska a hammatarsa da tsakanin yatsu, wuraren da da ban taɓa dubawa ba. In na gama in wanke hannu da sabulu, in sauya riga kafin magariba.

To amma man fa? A wata na biyu na yi mako biyu da zallar man kwakwa, ban sa labanda ba. Ban ga bambanci ba ko kaɗan, yadda yake sakin jiki haka ya ci gaba. Binciken da masu sayarwa suka fi kafa hujja da shi, wanda wata mai bincike, Deborah Wells, ta yi a birnin Belfast na Ireland ta Arewa a 2006, a kan karnuka 32 ne masu rashin natsuwa a mota. Ƙamshin aka sa musu a cikin motar, suka rage haushi da zirga-zirga. Ba a shafa musu a fata ba, kuma babu ruwan binciken da ciwon gaɓɓai.

Sauƙin tashin da Duna ya samu, a ganina, daga abu uku ya fito: maganin meloxicam da likita ya auna masa daidai nauyinsa, tsohuwar katifa da na shimfiɗa masa maimakon siminti, da rage masa tuwon dare har ya ɗan faɗa. Likitan ya hana ni ba shi ibuprofen ko wani maganin ciwon jiki na mutane, ya ce suna iya huda masa ciki su taɓa ƙoda.

In maki zan bayar, tausa tara cikin goma, man labanda uku. Na Tea Tree kuwa yana kulle a durowa da murfinsa yadda ya zo, na kuma rubuta wa mai sayarwar cewa ta daina tallata shi ga masu karnuka. Har yanzu ba ta amsa ba.