Bakin mutum ko lissafin manhaja: wa zai zaɓa miki littafi na gaba?

'Yar'uwa, kin ce kin kammala wani labari da ya tafi da hankalinki, yanzu kin rasa na ɗauka, kina tambaya ko ki bi abin da manhajojin littattafai suka jero miki ko ki bi bakin mutane. Ni duka biyun ina amfani da su, amma kowanne da aikin da nake sa shi.

Manhaja ba ta karanta littafi, lissafi take yi. Tun ƙarshen shekarun 1990 Amazon, kamfanin sayar da littattafai da sauran kaya ta intanet, ke aiki da wata dabara mai sauƙi: idan mutane da yawa da suka sayi wannan littafi sun sayi wancan, sai a nuna miki wancan. Goodreads, shafin intanet na masu karatun littattafai, wanda aka buɗe a 2007 kuma Amazon ya saye shi a 2013, ya ƙara da taurari, daga ɗaya zuwa biyar, da sharhin masu karatu. Wannan lissafin yana da amfani sosai. Cikin minti ɗaya za ki ga sauran littattafan marubuci, ki san wanne ne na farko a jerin da ke da kashi-kashi, ki tarar da irin labarin da kike so daga ƙasar da ba ki taɓa tunani ba. Babu ƙawar da ta karanta ko kashi ɗaya cikin dubu na abin da ke cikin rumbunta.

Matsalarta ita ce kama take nema. Kika so labarin soyayya mai ƙarewa da hawaye, za ta yi ta kawo miki 'yan'uwansa har ki gundura. Littafin da mutane kaɗan suka saya kuwa, ko tsoho ne, ko na sabon marubuci, ko an rubuta shi da harshen da bai yawaita a intanet ba, da wuya ya taso sama, domin babu lambobin da za a yi lissafi da su. Su ma taurarin ki riƙa dubansu da ido biyu. Littafin da ya raba kan masu karatu, wasu suka ba shi biyar wasu ɗaya, yakan tsaya a tsakiya, alhali sau da yawa shi ne mai abin faɗa. A Goodreads ma ana iya ba littafi tauraro tun bai fito ba. Jerin littattafan da suka fi kasuwa, irin wanda jaridar New York Times ke bugawa tun 1931, ciniki yake aunawa. Bai san wanda ya karanta har ƙarshe ba.

Mutum kuwa ya san ki. Wannan shi ne bambancin da nake ganin ya fi kowanne nauyi. Littafin da ke hannuna yanzu kan rayuwar ƙudan zuma ne, kuma babu manhajar da za ta nuna min shi, don ni tarihi da ƙagaggun labarai na saba karantawa. Wata ƙawata ce ta miƙo min nata, ta ce, "Ki yi haƙuri da babi biyu na farko, na uku naki ne." Ta san ina son ganin yadda mutum ke bin abu ɗaya shekara da shekaru har ya gano sirrinsa. A babi na ukun ne na haɗu da Karl von Frisch, masanin nan ɗan Ostiriya da ya gano cewa ƙudan zuma na yin wata rawa a cikin amya don sanar da 'yan'uwansa inda furanni suke da kuma nisansu, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1973. A gefen shafin akwai layin fensir da ta ja, da alamar tambaya ƙarama, kusurwar takardar kuma a lanƙwashe. Ina isowa wurin na ajiye littafin na kira ta, muka yi ta magana kan abin da ya sa ta yi shakka. Wannan hirar rabin daɗin karatun ce a wurina, kuma shawarar manhaja ba ta zuwa da wanda za ki koma wa ki ce, "Kin ga abin da ya faru a shafin nan?"

Amma bakin mutum ma yana da nasa. So hana ganin laifi: wanda littafi ya shiga ransa zai ce kowa ya karanta, ko ya dace da ke ko bai dace ba. Wani garin zumuɗi sai ya ba ki ƙarshen labarin. Ga kunya, ki yi ta jan littafin da bai yi miki ba saboda mai shi zai tambaya.

Don haka ga yadda nake haɗa su. Zaɓi na mutum ne, bincike na manhaja. Idan aka ba ki sunan littafi, ki tambayi mai ba ki, "Me ya sa kika ga zai yi min?" Idan amsar ita ce kawai yana da daɗi, to kanta ta zaɓa wa. Idan ta ce saboda kina son labarin da ake ba da shi ta bakin mutum biyu, ko saboda kin ce kin gaji da jarumai marasa aibi, ki karɓa. Ki kuma tambaye ta littafin da kowa ke yabo ita ta ƙi, nan ne za ki gane ko ra'ayinku ya zo ɗaya. Daga nan sai ki buɗe manhaja ki duba tsawonsa, ki karanta shafukan farko da akan bayar kyauta, ki leƙa sharhin masu tauraro uku, don su ne sukan faɗi kyau da muni tare. Idan kika fara bai karɓe ki ba, ki mayar mata ki faɗi inda kika tsaya da dalilinki. Da wannan bayanin za ta zaɓo miki na biyu.